Churchill Gwarzo Ne Ko Azzalumi? Amsa Ga Jikan Wani Sojan Bama

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Kakana na wajen uwa yana cikin sojojin da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama, ya rasu ina ƙarami. Kakata ta ce har ya koma ga Allah ba ya ambaton sunan Churchill sai da girmamawa. To amma kwanakin baya na ga wani bidiyo a waya ana cewa Churchill azzalumi ne, ya kashe miliyoyin Indiyawa da yunwa, kuma ya zagi Musulunci. Malam, wanne ne gaskiya? Kakana yaudararsa aka yi, ko kuwa masu bidiyon ne ke yi wa mutumin ƙazafi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, ya kai haske kabarinsa, ya ƙara wa kakarka lafiya.

In na fahimce ka da kyau, abu biyu ke damunka. Na ɗaya, ko zargin da ake yi wa Winston Churchill, firaministan Ingila a yaƙin duniya na biyu, yana da tushe. Na biyu, wanda nake jin ya fi ci maka rai, ko girmamawar da tsohon ya riƙe har kabari ta tashi a banza. Na daɗe ina koyar da tarihin mulkin mallaka, kuma da wuya shekara ta wuce ɗalibai ba su raba mini aji biyu a kan wannan mutum ba, waɗannan na cewa shi ya ceci duniya, waɗancan na cewa hannunsa dumu-dumu yake da jinin talakawa. Kowane ɓangare ya riƙo gaskiya. Inda dukansu suke kuskure shi ne zaton da suke yi cewa Churchill biyu ne, na kirki da na banza, har mutum ya zaɓi wanda ya yi masa. Guda ɗaya ne. Imanin da ya hana shi durƙusa wa Hitila a 1940, cewa ba a haifi ɗan Ingila don wani ya mulke shi ba, shi ne dai imanin da ya sa yake ganin an haifi ɗan Ingila don ya mulki Ba'indiye da Bahaushe da mutumin Kenya. Itace ɗaya ne ya ba da inuwar, shi ne kuma ya fitar da ƙayar.

An haife shi ranar 30 ga Nuwamba 1874 a fadar Blenheim, gidan kakanninsa masu sarautar Marlborough. Mahaifinsa, Lord Randolph, ya taɓa riƙe muƙamin ministan kuɗi, mahaifiyarsa Jennie kuwa Ba'amurkiya ce. Ya buɗe ido a zamanin Sarauniya Victoria, lokacin da Ingila ke taƙama cewa rana ba ta faɗuwa a daularta, kuma da wannan nonon aka shayar da shi. A makaranta bai yi fice ba. Sai a karo na uku ya ci jarrabawar shiga makarantar hafsoshi ta Sandhurst, wadda daga baya Zakariya Maimalari da Yakubu Gowon suka yi. Uban ya rasu a 1895 bai bar masa wata dukiyar kirki ba, sai ya haɗa aikin soja da aikin jarida, duk inda ya ji ana yaƙi ya kutsa kai, ya dawo ya rubuta ya sayar.

Maganar zagin Musulunci daga nan ta samo asali. Ranar 2 ga Satumba 1898 yana ɗan shekara 23 yana cikin mahaya dawakin rundunar Kitchener a Omdurman ta Sudan, ranar da bindiga mai jigida da igwa suka kashe mabiya Mahadi sama da 10,000 na rundunar Halifa Abdullahi, alhali ɓangaren Turawa da Misrawa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. A littafin da ya wallafa a kan yaƙin a 1899 akwai wani sakin layi inda ya faɗi munanan kalamai a kan addinin Musulunci, ya ce yana dunƙufar da mabiyansa, yana hana su ci gaba. Wannan ba ƙazafi ba ne, da hannunsa ya rubuta, ko da yake an cire sakin layin a taƙaitaccen bugun 1902. A cikin littafin nan dai ya yabi jarumtar mutanen Halifa, ya kuma soki shugabansa Kitchener a kan kashe waɗanda suka ji rauni da rushe kabarin Mahadi da wulaƙanta gawarsa, abin da ƙaramin hafsa ba ya yi wa babban janar. Wasu masu kare shi suna kawo cewa a 1940 gwamnatinsa ta ware fam 100,000 don samar da filin babban masallacin Landan. Haka ne an ware, sai dai a lokacin Ingila na cikin yaƙi tana matuƙar buƙatar goyon bayan Musulmin Indiya da na ƙasashen Larabawa, don haka ni ban ɗauke shi a matsayin tuba daga abin da ya rubuta ba.

Satiru

Ga inda tarihinsa ya gitta namu kai tsaye, kuma ƙalilan ne daga cikin ɗalibaina ke zuwa da saninsa. Ya shiga majalisa a 1900 a jam'iyyar 'yan mazan jiya, ya sauya sheƙa zuwa jam'iyyar Libaral a 1904, kuma a Disamba 1905 aka ba shi ƙaramin ministan ƙasashen mallaka. Ke nan rahotannin Gwamna Lugga daga Zungeru a teburinsa suke sauka.

Bai yi wata uku a kujerar ba, a Fabrairu 1906, sai mutanen Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato, suka yi bore. Talakawa ne da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, sun taru a ƙarƙashin masu da'awar Mahadi, ciki har da Ɗan Makaho wanda ya tsallako daga ɓangaren Faransa. Da fartanya da gatari da kwari da baka suka kashe Turawa 3 da sojoji fiye da 20, har suka ƙwace bindiga mai jigida. Ranar 10 ga Maris rundunar Lugga ta dawo, da rakiyar dakarun sarakuna, aka shafe garin daga doron ƙasa. Lissafin Turawan da kansu ya kai mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka hana kowa sake zama a wurin.

Da rahoton ya isa Landan, Churchill ya yi rubutu a jikin fayil yana tambaya: da wane ido Ingila za ta tsawata wa gwamnatin Natal ta Afirka ta Kudu, wadda ta harbe baƙaƙe 12 bayan shari'ar soja, alhali ga shi an murƙushe taron mutanen da kusan ba su da makami a ƙasar da ke ƙarƙashin ikon Landan kai tsaye? A wannan shekarar kuma, kan batun kai wa ƙabilar Tibi farmaki, ya rubuta cewa zubar da jinin da ba ya ƙarewa a Afirka ta Yamma abin ƙyama ne, kuma mutane na iya ɗaukarsa kisan 'yan ƙasa da sace musu ƙasa. Ranar da na fara karanta waɗannan kalmomi ina ɗalibin digiri na biyu, sai da na ajiye biro na ɗan fita waje. Na zo ne da shirin tsanar mutumin, ga shi kuma a duk cikin manyan ofishin shi ne ya ɗaga murya a kan jinin mutanenmu. Da na dawo na ci gaba da karatu sai na ga ƙarshen maganar: ba a hukunta kowa ba. Lugga ya bar Arewa a 1906, ya yi gwamna a Hong Kong, ya dawo a 1912 da ƙarin girma, ya haɗe Kudu da Arewa a 1914.

Wannan hali ya bi Churchill har tsufa. A 1920 ya tashi a majalisa ya la'anci kisan da Janar Dyer ya yi wa ɗaruruwan Indiyawa a Amritsar. Kisan gilla yana tayar masa da hankali da gaske, amma bai taɓa yarda cewa mulkin da ke haifar da kisan shi ne cutar ba. A ganinsa mallaka alheri ce, a dai yi ta da tsabta.

Akwai kuma layin dogo. Mazaɓarsa a lokacin tana Manchester, garin masaƙu masu yunwar auduga, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya a 1907 aka amince da shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano. Jirgi ya iso Kano a 1911. Auduga suka sa rai, manoman Kano da fatakenta suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, daga nan dalar gyaɗa ta samo asali.

Daga nan zan yi sauri. Ya zama ministan sojan ruwa a 1911. A yaƙin duniya na ɗaya shi ne kan gaba wajen shirya farmakin Gallipoli na 1915 a kan Daular Usmaniyya ta Turkiyya, aka yi asarar dubun-dubatar rayuka ba a ci komai ba, aka sauke shi, ya tafi bakin daga a Faransa ya jagoranci bataliya. A 1921 yana ministan ƙasashen mallaka ya kira taron Alkahira da ya ɗora Faisal a sarautar Iraƙi da ɗan'uwansa Abdullahi a Jodan, ya kuma tsaya kan alkawarin Balfour na kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu. A 1937 ya gaya wa kwamitin Peel da ke binciken rikicin Falasɗinu cewa shi bai yarda an zalunci 'yan asalin Amurka ko na Ostareliya ba don jinsin da ya fi ƙarfi ya maye gurbinsu. Daga 1929 zuwa 1939 ba shi da muƙami, kuma rabin ƙarfinsa a shekarun nan ya ƙare ne wajen yaƙar duk wani yunƙuri na sassauta wa Indiya, har ya yi wa Gandi ba'a da rashin sutura. Wannan taurin kai ya zubar masa da daraja a idon 'yan jam'iyyarsa, ta yadda da ya fara kururuwar cewa Hitila na ƙera makamai kuma lallashi ba zai tsayar da shi ba, sai aka ce ai tsohon ne, ya saba. A 1938 Firaminista Chamberlain ya je Munich ya miƙa wa Hitila wani yanki na Cekoslobakiya, jama'a suka tarbe shi da tafi. Churchill ya tashi a majalisa ya ce wannan shan kaye ne tsagwaronsa. Shekara ba ta cika ba yaƙi ya ɓarke.

Kwana uku na watan Mayu

In ana maganar girman Churchill, to a nan yake, kuma ina roƙonka ka karanta wannan da zuciya buɗe. Ya zama firaminista ranar 10 ga Mayu 1940 yana da shekara 65, a ranar da Jamus ta auka wa Holan da Beljiyam da Faransa. Cikin mako biyu rundunar Faransa ta tarwatse, an matse sojojin Ingila a bakin teku a Dunkirk. Rasha ta ƙulla yarjejeniya da Hitila tun Agusta 1939. Amurka ta naɗe hannu. Duk mai hankali da ya kalli taswira a makon nan zai ce Ingila ta gama.

Daga 26 zuwa 28 ga Mayu majalisar yaƙi mai mutum 5 ta yi ta zama. Ministan harkokin waje, Lord Halifax, mutum mai natsuwa wanda da yawa suka so shi ne ya zama firaminista, ya kawo shawarar a bi ta hannun Mussolini na Italiya a ji sharuɗɗan sulhu. Ba matsoraci ba ne, lissafi ya yi: a sasanta tun da sauran abin ciniki a hannu. Churchill ya ce duk wanda ya zauna a teburin nan ba zai tashi da ƙafarsa ba, za a nemi jiragen ruwan yaƙin Ingila, a naɗa mata gwamnatin 'yan amshin shata, kuma da zarar jama'a sun ji ana ciniki, zuciyar yaƙi ta mutu. Kujerarsa ba ta kafu ba a lokacin, yawancin 'yan jam'iyyarsa ba su amince da shi ba, in Halifax ya yi murabus gwamnati na iya rushewa. Sai ya bi a hankali, ya riƙe Attlee da Greenwood na jam'iyyar Leba, ya jawo Chamberlain, sannan da yammacin 28 ga wata ya tara sauran ministoci ya gaya musu za a yi yaƙi ko da za a ƙare a kwance cikin jini. Suka mara masa baya, maganar sulhu ta mutu. A kwanakin da suka biyo aka kwaso sojoji wajen 338,000 daga Dunkirk.

Sai kuma harshe. Ya gaya wa mutanensa ba shi da abin ba su sai jini da wahala da hawaye da gumi. Ya ce za su yi yaƙi a bakin teku da filaye da tituna da tuddai, ba za su taɓa miƙa wuya ba. Mu da muka san abin da kirari da tambari ke yi wa zuciyar namiji ranar gumurzu ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Bai yi wa mutanensa ƙarya cewa abu mai sauƙi ne ba, kuma da aka fara ruwan bama-bamai a Landan ya zauna a garin, yana fita unguwannin da aka rushe.

Me ya shafe mu? Hitila ya rubuta ƙarara cewa baƙar fata bai cika mutum ba. A watan Yunin 1940 sojojin Jamus sun ware sojojin Afirka ta Yamma da ke cikin rundunar Faransa bayan sun miƙa wuya, suka harbe su saboda launin fatarsu, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da Lyon. Gwamnatin da ta hallaka Yahudawa miliyan 6 ita ce za ta gaji Afirka in da Ingila ta sasanta. Mulkin Ingila zalunci ne, amma zalunci ne da ya bar ƙofar jarida da kotu da jam'iyya a ɗan buɗe, kuma ta wannan ƙofar iyayenmu suka bi suka karɓi 'yanci. A kan wannan gaɓa, ɗana, ba a yaudari kakanka ba.

Kada dai a wuce gona da iri a ce shi ya ci yaƙin. Tarayyar Sobiyet ta yi asarar mutum wajen miliyan 27, kuma a can aka karya ƙashin bayan rundunar Jamus. Masana'antun Amurka suka ciyar da yaƙin. Indiya ta ba da soja miliyan 2 da rabi. Churchill kansa ya tafka kurakurai, mafi muni faɗuwar Singafo a Fabrairu 1942, inda Japan ta kama sojoji wajen 80,000. Abin da ya yi shi ne ya hana wutar mutuwa a shekarar da ba mai hura ta sai shi.

Kason da muka biya

Kano ta zama zango a hanyar jiragen yaƙi: a kawo su cikin akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, zuwa Khartoum da Alkahira. Hanyar ta yiwu ne don gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata, ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, a Agusta 1940, yayin da Nijar ta zauna a hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har ƙarshen 1942. Sojojin Najeriya suna cikin waɗanda suka ci Mogadishu a Fabrairu 1941. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka tafi Bama, ba Bama ta Borno ba, ƙasar da yau ake kira Myanmar, kuma Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Najeriya. Sunayen barikokin Kalapanzin da Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Arakan da Myohaung a Legas, duk daga can aka ɗauko su. Da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuza, sai aka kafa aikin tilas a ma'adinan Jos daga 1942 zuwa 1944, aka yi ta ɗiban manoma daga lardunan Arewa zuwa sanyin Filato, da yawa ba su koma gida ba.

Shekarun baya ina tattara bayanan baka na zauna da wani tsohon soja a Tudun Wadan Zariya. Yana cikin 'yan dako na rundunar, masu ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Ya ba ni labarin ruwan sama na wata da watanni, da matsattsaku da ke shiga cikin takalmi, da buhunan abinci da jirgi ke jefowa daga sama. Ya sa jikarsa ta ɗauko wani tsohon gwangwanin alewa, ya buɗe, ya zaro lambar tauraron Bama a naɗe cikin tsumma, ya goge ta da bakin rigarsa kafin ya miƙo mini. Bai taɓa ganin Churchill ba sai a hoto, da sigari a baki da yatsu biyu a sama. Ya ce namiji ne. Ba a jima ba kuma, da murya ɗaya, ya gaya mini albashinsu bai kama ƙafar na farin soja ba, ana yi musu bulala, kuma alkawuran aiki da aka yi musu kafin sallama yawanci iska ta kwashe. Bai ga saɓani tsakanin maganganun biyu ba, ni ma daga ranar na daina gani.

Su kuwa 'yan bokonmu abin da ya ƙona musu rai dabam ne. A Agusta 1941 Churchill da Shugaba Roosevelt na Amurka suka fitar da sanarwar Atlantika, wadda ta ce kowace al'umma na da haƙƙin zaɓen gwamnatin da za ta mulke ta. Wata guda bayan haka Churchill ya gaya wa majalisa cewa ƙasashen Turai da Hitila ya mamaye ake nufi, ban da ƙasashen da Ingila ke mallaka. A Nuwamba 1942 ya ƙara da cewa bai zama firaministan Sarki don a wargaza daular Birtaniya a hannunsa ba. A 1943 tawagar editocin Afirka ta Yamma ta je Landan, Nnamdi Azikiwe ya miƙa takarda mai dogaro da sanarwar nan yana neman mulkin kai cikin shekara 15. Malam Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo yana cikin tawagar. Bai sa hannu a takardar ba, amma ya gana da tsoho Lugga ya zayyana masa koke-koken Arewa.

Yunwar Bengal

Wannan shi ne zargi mafi nauyi. A 1943 mutum tsakanin miliyan 2 zuwa 3 suka mutu da yunwa da cututtukan da ke bin ta a lardin Bengal na Indiya. Sanadin ba ɗaya ba ne. Japan ta ci Bama, shinkafar da ake shigowa da ita daga can ta yanke. Guguwa ta lalata amfanin gona a Oktoba 1942. Hukumomin Ingila sun ƙwace kwale-kwalen mutanen bakin teku don kada Japan ta amfana da su, alhali da su ake kamun kifi da safarar abinci. Kuɗin yaƙi ya jawo tsada, 'yan kasuwa suka ɓoye hatsi, larduna suka hana fitar da abinci, aka fifita ciyar da soja da ma'aikatan Kalkata a kan ƙauyawa. Masanin tattalin arziki Amartya Sen, wanda ya ga yunwar da idonsa yana yaro, ya nuna cewa abinci bai ƙare a Bengal ba, talaka ne ya kasa saye.

To ina laifin Churchill? Ba shi ya haddasa yunwar ba, kuma babu takardar da ta nuna ya shirya kisan. Amma a farkon 1943 ya rage jiragen dakon da ke zirga-zirga a tekun Indiya, kuma da ministan Indiya Leo Amery da manyan gwamnonin Indiya, Linlithgow da Wavell bayansa, suka yi ta roƙon a aiko da hatsi, majalisar yaƙinsa ta ba da kaɗan daga abin da aka nema, a makare, alhali alkamar Ostareliya na wucewa zuwa rumbunan da ake tanada don Turai. Amery ya rubuta a kundinsa cewa Churchill ya ce Indiyawa na hayayyafa kamar zomaye. Masu kare shi suna cewa jirage sun yi ƙaranci ana tsakiyar yaƙi, kuma a Afrilu 1944 ya roƙi Roosevelt aron jirage don kai alkama Indiya aka hana shi. Wannan ma gaskiya ne. Hukuncina shi ne, cewa "ya kashe su" ya zarce abin da hujja ta nuna, amma cewa ba shi da laifi ya fi nisa da gaskiya. Tambayar da nake yi wa ɗalibaina ita ce, da a Manchester mutum dubu ke faɗuwa kullum a kan titi, za a rasa jirage?

Za ka ji ana cewa ai mutumin zamaninsa ne, kada a auna shi da mudun yau. Ban karɓi wannan uzuri gaba ɗaya ba, don da mudun zamaninsa ma an auna shi. Amery ɗan jam'iyyarsa ne, tare suka yi makaranta, shi ma mai son daula ne, amma har ya rubuta cewa a kan batun Indiya bai ga bambanci mai yawa tsakanin tunanin Churchill da na Hitila ba. Roosevelt ya sha matsa masa a kan Indiya. Attlee, mataimakinsa a gwamnatin yaƙi, shi ya ba Indiya 'yanci a 1947.

Mutanen Ingila ma sun iya bambancewa. Jamus ta miƙa wuya a Mayu 1945, suka yi masa tafi a tituna, a Yuli kuma suka kayar da jam'iyyarsa, Leba ta kwashe kujeru 393 cikin 640. Gidaje da aiki da asibiti kyauta suke so, kuma ba su ga alamar shi zai kawo su ba. Ya karɓi kayen ya sauka ba gardama, abin da nake jinjina masa a kai duk lokacin da na tuna yadda shugabanni da yawa a nahiyarmu ke manne wa kujera da hujjar sun taɓa ceton ƙasa. A 1946 ya yi jawabin labulen ƙarfe, wato shingen da ya ce Sobiyet ta raba Turai da shi, wanda ya yi shelar yaƙin cacar baka. Ya dawo mulki daga 1951 zuwa 1955 da tsufa da rashin lafiya. A wannan zangon aka kafa dokar ta-ɓaci a Kenya a 1952, wadda a tsawonta aka rataye mutum fiye da 1,000 aka azabtar da dubbai a sansanoni, har a 2013 gwamnatin Birtaniya ta biya diyyar fam miliyan 19.9 ga tsofaffi 5,228. A 1953 Ingila da Amurka suka kifar da Firaminista Mossadegh na Iran saboda ya ƙwace kamfanin man da Churchill da kansa ya sa gwamnati ta sayi kashi 51 nasa a 1914. A zangon nan ne kuma, bayan rikicin Kano na Mayu 1953, ministansa Oliver Lyttelton ya jagoranci tarukan da suka haifi tsarin mulkin tarayya na 1954, wanda Sardauna ya zama Firimiyan Arewa a ƙarƙashinsa. Churchill ya sami lambar Nobel ta adabi a 1953. Ya rasu ranar 24 ga Janairu 1965 yana da shekara 90, lokacin Najeriya da Nijar sun shekara huɗu da 'yanci.

Ka riƙe amsar nan da iyakarta. Fannina tarihin Arewa ne, abin da na faɗa a kan Bengal daga ayyukan masana Indiya da Ingila na ɗauko, kuma har gobe suna ja-in-ja a kan yawan jiragen da za a iya warewa. Sannan ma'aunin kansa a karkace yake: Churchill ya bar miliyoyin kalmomi, har tarihin yaƙin ya rubuta da kansa cikin mujalladi 6, su kuwa mutanen Satiru da manoman da suka mutu a ramukan kuza ba su bar fayil ko ɗaya ba. Abin da ke zuciyarsa kuma Allah ne masani, mu takarda muke karantawa.

Saboda wannan giɓin nake roƙonka wani abu. Tun kakarka na da rai da tunani, ka je ka zauna da ita, ka kunna rikoda a wayar nan taka. Ka tambaye ta a wane gari aka ɗauki kakanka, da kansa ya je ko dagaci ne ya ba da sunansa, shekara nawa ya yi, da me ya dawo, wace sana'a ya kama, ko yana firgita cikin barci. Ka roƙe ta ta buɗe adakarta, sau da yawa littafin sallama da lambobin suna nan a ƙasan zannuwa. In ka samo lambarsa ta soja da sunan bataliyarsa ka aiko mini, mu duba ko ta kwarin Kaladan suka bi da runduna ta 81, ko kuwa yana cikin ta 82 da ta gangara gaɓar Arakan.